Jeren Ɗakin Amarya a Ƙauyukan Arewacin Kano: Fasahar da Ake Shiga Cikinta

1.0 Gabatarwa

Akwai irin fasahar da ba a rataye ta a bango a ja da baya a kalla, sai dai a shiga cikinta ta kewaye mutum, kuma ba ta rayuwa sai a wurin da aka yi ta. Masu fasaha a Ingila sun shahara da ita. Wannan maƙala za ta auna jeren ɗakin amarya da wannan ma'auni, musamman yadda aka san shi a karkarar Ɗambatta da Bichi da Minjibir, wato cikin yankin nan mai cunkoson gonaki da Michael Mortimore ya yi nazari a kansa tun wajen 1965.

2.0 Misalai Biyu Daga Ingila

A 1993 Rachel Whiteread ta yi zubin kankare a cikin wani tsohon gida a gabashin Landan, ta ɓare bangon, sai siffar sararin ɗakunan ta tsaya a fili. Ta ci kyautar Turner a shekarar, amma aka rushe aikin a watan Janairu 1994. Haka kuma a 1993 Antony Gormley ya sa mutanen garin St Helens suka ƙera 'yan gumakan yumɓu kimanin 40,000, aka cika ɗaki da su maƙil, har mai kallo ba shi da wurin tsayawa sai bakin ƙofa. A duka biyun, wurin shi ne rabin aikin.

3.0 Jere a Kan Ma'auni

Kafin a kai amarya, 'yan jere, wato gwaggwanni da innoni da yayyenta, sukan tafi su shirya ɗakin. A da, ƙorai da akusa da faya-fayai ake jerawa. Daga baya tasoshi da kwanonin sha da samiru da fanteka suka shigo, har akan manna wasu a jikin bango da laka, sahu-sahu, tun daga kusa da daɓe har zuwa rufi.

Gwanintar tana cikin abu uku. Na farko, tsari: babba a ƙasa, ƙarami a sama, launi yana amsa launi. Na biyu, haske: ɗakin ƙasa ba shi da wadatar taga, saboda haka gwanar jere takan fuskantar da kwanonin ga ƙofa, domin ɗan hasken da ya shigo ya bazu. Na uku, ma'ana: mai ganin ɗaki tana karanta jeren kamar wasiƙa, ta gane ƙoƙarin uwa, da yawan dangi, da albarkar kakar bana. A inda gona ta yi ƙaranci, kwanon nan kuma ajiya ce, wadda mace kan sayar ranar da ta ɓaci.

A nan jere ya fi aikin Gormley kusanci da mai kallo, domin shi ana shiga, a zauna, a kwana a ciki. Ya kuma yi tarayya da na Whiteread wajen ƙarancin kwana: haihuwa da hidima da auren ƙanne sukan rage shi kwano-kwano.

Sai dai yabon gwani ya zama dole, faɗin aibinsa ma haka. Da jere ya koma gasa, yawa ya danne tsari, iyaye suka shiga bashi. Da kabad mai gilashi ya zo, aka raba kwano da bango, sai ɗakuna suka zama kamar an buga su da hatimi guda.

4.0 Kammalawa

Whiteread da Gormley suna da suna, da kyauta, da masu sharhi. 'Yan jere ba a rubuta sunan kowa ba, shi ya sa aka daɗe ana lissafa aikinsu cikin al'adun aure kurum, ba cikin fasaha ba. Kuma ko an kwashi kwanonin an kai Gidan Makama, kayan ne suka je, jeren bai je ba. Abin da ya rage ga manazarta shi ne su isa ƙauyukan nan, su zauna da tsofaffin gwanayen, su rubuta ƙa'idojin aikin da kalmominsa daga bakinsu, tun suna da rai.