Kwalliya ko Takobi: Bikin Wa Ake Yi da Kuɗinmu?

A watan Disamba na 2014 ina ɗan lakwal a Junju, muka yi cincirindo gaban telen wani mai shago muna kallon faretin Dosso Sogha. Sojoji na wucewa, tutoci na kaɗawa, sabuwar kwalta sai ƙyalli take. Wani dattijo mai saida rake da ke tsaye bayanmu ya ce, "Yara, wannan Doson tamu ce kuwa?" Aka kwashe da dariya. Ni dai har yau tambayarsa ba ta sake ni ba, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda ya manta: ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar. A zamanin Tanja Mamadu aka fara zagayawa da bikin ranar daga jaha zuwa jaha, an soma da Damagaram a 2006. Gwamnatin Mahamadu Isufu ta farfaɗo da shi a 2014, ta haɗa shi da aikin gyaran manyan birane: Doso, sai Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram a 2018, Tilaberi a 2019, daga baya Difa. Biliyoyin sefa suka tafi a kan tituna, fitilu, dandalin fareti da masaukan baƙi.

A fadarmu ta jami'a, in an ɗora shayi aka taɓo zancen nan, sai a rabu gida biyu. Wasu su ce ɓarna ce tsagwaronta, a kai kuɗin likita da rijiya. Wasu su ce ƙasar da ba ta biki ba ƙasa ba ce. Ban yarda da na farko ba. Mu da muke zaune tsakanin Kamba da Malanbil, masu dangi a ƙasa uku, masu cin kasuwa da sefa da naira, mun fi kowa sanin cewa zama ɗan Nijar ba a jini yake ba. Abu ne da ake ginawa, kuma gini yana cin kuɗi. Amma na biyun ma sun tsallake tambaya: mi aka saya da kuɗin? Haɗuwar mutane, ko hoton birni?

A yi adalci, Doso ta samu abin da ta samu, titin da aka shimfiɗa bai gudu ba. Sai dai bikin ya zagaya manyan biranen jahohi ne kawai. Jaha kuwa ba birninta ba ce. Junju ta zama gunduma a 2011, da ƙananan hukumomi uku: Junju, Karakara da Zabori. Manomin da ke fadamar Dallol Mawri ya ga bikin jaharsa kamar yadda ya ga wasan ƙwallon Turai, a cikin akwati, daga nesa. Abin da aka yi a Yamai ake yi wa jahohi, shi Doso ta yi wa ƙauyukanta. An rage nisan ne, ba a cire shi ba.

To, ku kwatanta da kokowa. Ita ma kuɗin gwamnati ne, ita ma zagayawa take. An fara gasar Takobi a Tawa a 1975, zamanin Saini Kunce, kuma Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka. Kowace jaha tana turo 'yan kokowa goma. Amma duba abin da ke faruwa in an buɗe fili: tela ya ajiye keke, ɗan kabu-kabu ya faka, tsohuwa ta jawo radiyo kusa da murhu. Lokacin da Isaka Isaka na Doso ke kayar da maza har ya ɗauki takobi sau shida, ba wanda ya aiko mana da takarda cewa mu yi murna. Yara da kansu suka fita titi. Don mi? Don kokowa ta taso daga ƙasa ne. Kowane ƙauye na da filinsa bayan kaka, kowane yaro ya taɓa shan ƙasa. Gwamnati ba ta ƙirƙiro ta ba, ta same ta da rai ta ɗaga ta. Filin kokowar Doso sunan Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi, ba sunan wani minista ba. Wannan kaɗai darasi ne.

Ba na cewa kokowa tsarkakakkiya ce. Manyan mutane na amfani da ita su yi liƙi a gaban kamara, kuma wanda ya karye a fili sau da yawa shi da iyalinsa ake bari. Amma ko da aibinta, tana yin abin da fareti bai yi ba: tana sa Bazabarme ya yi wa ɗan Difa tafi, Ba'are ya koyi kirarin ɗan Agadas.

Ku yi mini uzuri in shigo da karatuna, don harshe nake karanta. Sunayen bukukuwan nan da harsunanmu aka raɗa su, kuma na yaba. Amma ku dubi yadda aka rubuta na Hausa a alluna: "Kolliya" maimakon kwalliya, "Saboua" maimakon sabuwa. Kalmar tamu ce, rigar ta Faransa. Haka jawabin manya a dandali: da Faransanci, talaka sai ya jira fassarar radiyo. A filin kokowa kuwa, makaɗi, mai kirari da ɗan cali-cali duk da harshen gida suke magana. Doka ta amince da harsunan ƙasa goma tun 2001, kuma kundin 2025 ya ɗaga Hausa. Mu Hausawa kada mu yi saurin guɗa. A Junju ana jin Hausa, Dandanci, Zabarmanci da Fulatanci a kasuwa guda. In biki ya cire Faransanci ya ɗora Hausa kaɗai, an canza mai riƙe da makirfo ne, sauran suna nan suna jiran fassara.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Na ɗaya, duk bikin da aka yi da kuɗin jama'a, a karanta lissafinsa a radiyon karkara da harsunan da mutane ke ji: nawa aka ware, nawa aka kashe, wa ya yi aikin. Na biyu, a yanki wani kaso a sauko da shi gundumomi, a gyara filayen kokowa, a riƙe makaɗa da masu wasan kwaikwayo na gida, a kula da ɗan kokowar da ya ji rauni. Na uku, kafin a kafa fitila a faɗi wanda zai canza ƙwanta bayan baƙi sun tafi.

'Yan'uwa, gobe wasunmu ne za su zauna a kwamitocin shirya irin waɗannan bukukuwa. Ranar da aka miƙo maka takardar kasafi, ka tuna da dattijon nan mai rake. Harajin kasuwa yana biya, kuɗinsa na cikin wannan kwaltar. Ya cancanci a ba shi amsa, kuma da harshen da ya yi tambayar.