Takardar da ta tsira daga hannun mai tsire

Hutun da ya wuce na je gida Madawa, kawuna ya jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado ya ce, "Kai da ke karatun harshe a Yamai, zo ka ga abin da na ajiye." Cike take da takardu: kalandun kamfanoni, takardun tallar shayi da dunƙulen miya, ambulan irin albasa, babban hoton murhun ƙarfen nan Mai Sauƙi, sai ƴan shafuka na jaridar Saabon Ra'ayii da aka riƙa bugawa a Madawa domin ɗaliban yaƙi da jahilci. Na ɗauki hotunansu na tura a rukuninmu na WhatsApp. Kafin magariba amsoshi sun cika waya: "Allah sarki da!", "Lokacin da duniya na kwance!" Alhali duk cikinmu babu wanda anka haifa lokacin. Wannan begen nake son mu ɗan tattauna, ƴan'uwa, don ina ganin mun kalli takardun amma ba mu karanta su ba.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Masu zanen da sun san aikinsu. Hoto guda, launi biyu ko uku, kuma ko daga bakin rumfa ka hango shi ka gane saƙon. Sunan murhun ma abin yabo ne. Sauƙi a Hausa na kuɗi ne, na ɗauka ne, na aiki ne, kuma shi muke roƙa wa maras lafiya. Kalma biyu sun ɗauke duk tallar. Mafi yawan tallan da ke faɗo mana a waya yau ba su kai nan ba.

To amma da wa takardar ke magana? A hoton da kawu ya ajiye, suna kaɗai ne Hausa, shi ma an rubuta "Sauki" babu lanƙwasar ƙ. Duk bayanin da ke ƙasa Faransanci ne. Sauran tallan ma haka: Hausa ado ce a goshi, magana ta gaske tana cikin harshen lakwal. Ajami kuwa, wanda dattawan Adar da yawa ke karantawa, ban gan shi ko a takarda ɗaya cikin adakar ba. Na tambayi matar kawu, wadda ita ta yi shekaru tana girki bisa murhun, ko ta tuna hoton. Ta yi dariya ta ce, "Ni wajen maƙeri na gan shi ran kasuwa, maƙwabciyata ta ce ba ya cin icce, na saya." Ke nan matar da anka zana a takardar ba ita anka rubuta wa ba. An rubuta wa mushe da ma'aikacin ofis, su kai labari gida in sun ga dama.

Sai maganar "duniya na kwance". Me ya sa anka matsa wa mutane su canza murhu cikin shekarun 1980? Don icce na ƙarewa. Tun 1975 ake dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A 1984, shekarar fari da yunwa, anka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya, inda mata sunka yi ta dakon duwatsu a ka ana biyan su da abinci. Wannan ne zamanin da hoton ya fito. Matar cikin zane tana murmushi, zanenta sabo, tukunyarta ko baƙi babu. Aikin talla ke nan, ba laifinta ba ne. Laifin namu ne in munka ɗauki murmushin a matsayin tarihi.

Shafukan Saabon Ra'ayii kuwa babu wanda ya ce musu "Allah sarki" a rukunin, don ba su da launi, tawadar ta koɗe. Amma ni su sunka fi tsaya mini a rai. Su ne kaɗai ke magana da manomi kai tsaye cikin harshensa. Ku dubi sunan ma: "saabon", wasali biyu don nuna tsawo, salon rubutun da Nijar ta bi bayan taron Bamako na 1966, wanda ƙa'idar 1999 da muke bi yanzu ba ta amfani da shi. Mai son sanin yadda Hausar boko ta yi rarrafe a ƙasarmu, ga shedarsa nan.

Me ya sa shafukan jaridar ba su wuce biyar ba, kalandu kuwa sun fi ashirin? Kowa ya san amsar. Takarda mai sheƙi ana liƙa ta a bango, in shekara ta ƙare a naɗe a ajiye. Takarda mai arha kuwa tana ƙarewa a teburin mai tsire da mai ƙosai, ta sha mai da yaji, a jefar. Don haka adakar kawu ba ta ajiye zamanin da ba, ta ajiye abin da ya yi wa ido kyau ne kawai. Wanda ya auna da da abin da ke cikinta, ya auna gona da zangarniyar da ta fi kowace girma.

Ba cewa nake mu daina tarawa ba. Mu tara, har ma mu fi kawu ƙwazo. Amma duk takardar da ka samu a Keita ko Buza ko Bangi, rubuta inda ka same ta da wanda ya ajiye ta, sannan ka nemi tsohuwar gidan ka tambaye ta abin da ta tuna, tun tana da rai. Kuma kar ka raina maras launi. Wannan ɗan littafin namu ma fotokwafi ne, baƙi da fari. In ba wanda ya adana shi, baɗi war haka da shi za a ƙunsa maka tsiren dala ashirin a tashar Madawa.