Giwar Kirari da Giwar Yankari

Masana sun bayyana cewa ƙashi ba ya zama dutse sai laka ta binne shi da wuri, ma'adinai su maye gurbinsa sannu a hankali. Ta haka ƙasusuwan wani ƙaton kada suka shafe kimanin shekara miliyan 110 a Gadufawa ta ƙasar Nijar. Idan muka nazarci waƙoƙin ɗalibanmu, abin da muke tararwa ke nan: giwa da zaki sun sandare cikin kirarin aro, ba su numfashi. Alhali ga Yankari kusa da mu, inda farautar haure da kutsen makiyaya suka rage giwaye, zaki kuma ya yi ƙaranci. Ya kamata marubutanmu su je su ga dabbar da ranta, su rubuta abin da ke ƙarar da ita.