Malam Maman Barka: tsakanin gurumi da biram

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba yadda ake ba da tarihin Malam Maman Barka, wanda ya rasu a Yamai a watan Nuwamba na 2018. Ra'ayinmu shi ne, sunan da ya yi a ƙasashen Turai ya rufe rabin aikinsa, kuma rabin da aka rufe shi ne ya fi shafar masu nazarin harshe.

2. Matakai biyu na rayuwarsa

Barka Batube ne, haifaffen Taskar a jihar Damagaram. Ya fara da aikin koyarwa a lakwal, daga nan ne sunan Malam ya bi shi. Da gurumi ya yi suna, kuma da Hausa ya kai ga jama'a. Ta rediyo da kaset aka san muryarsa, tun daga gabashin ƙasa har Dogon Dutsi da Tibiri.

Mataki na biyu ya soma a 2002, lokacin da UNESCO ta tallafa masa ya tafi Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, domin ya koyi biram. Wannan abin kiɗan Buduma ne mai tsirkiya 5, mai siffar jirgin ruwa. A 2009 kamfanin World Music Network ya fitar da faifansa, Introducing Mamane Barka.

3. Sharhi

Ba mu musun darajar wannan faifai. Ya ceto abin kiɗan da ya kusa ɓacewa, ga shi kuma an ɗauki sautin da tsabta. Amma mai shirya faifai yana zaɓe ne daidai da kunnen mai saye. Baturen da ba ya jin Hausa, tsirkiya yake saurare. Ba'are kuwa magana yake bi: habaici, da gargaɗi, da barkwanci. Don haka aka tallata Barka a matsayin magajin biram na ƙarshe, aka bar mawaƙin gurumi a baya.

A nan ne asarar take. Barka misali ne na wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce, amma ya ƙera waƙa da ita har masu harshen suka karɓa. Wannan ya haifar da tambayoyi. Wace Hausa yake amfani da ita, ta Damagaram ko ta Yamai? Yaya yake daidaita karin sauti da tsawon wasali da bugun gurumi? Me ya sa mutanen Arewa, masu cewa "munka" da "sunka", ba su ɗauke shi baƙo ba?

4. Kammalawa

A Barazil, tun 1996 aka tattara kalmomin waƙoƙin Gilberto Gil a littafi guda, yana da ransa. Irin wannan aiki ne ya dace da Barka. Ya kamata sashenmu ya haɗa hannu da cibiyar kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, inda ya yi aiki, a nemo tsofaffin kaset, a rubuta waƙoƙin tare da alamun karin sauti da tsawon wasali, tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna su. Kaset ba ya jure zafi da ƙura, waɗanda suka haddace waƙoƙin kuma suna tsufa.