Ranar Su: Wa Ke da Ikon Buɗe Tafki a Ƙasar Damagaram?

Wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Zinder ya ratsa Garagumsa, ya tsaya a Takeita inda hanya ke rabuwa ta gangara Matamaye da Kano, ba zai kawo maganar kifi a ransa ba. Ƙasar gero ce da wake da gyaɗa, babu kogin da ke gudu shekara ta zagayo, kuma kifin da aka fi sani a kasuwannin yankin banda ce da ke zuwa daga Diffa da Tafkin Chadi. Amma Damagaram ba ta rasa ruwan kifi ba. Akwai tafkin Gidimuni a kan hanyar Gure, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019, akwai Lasuri a wajen Magariya da ya riga shi shiga tun 2005, akwai guraben kwarin Korama da madatsu irin ta Kasama, sannan ga ɗimbin tafkunan damina da ba su da suna sai a bakin mutanen ƙauyen da ke kusa da su. Abin da nake so in kafa a nan shi ne, a irin wannan ruwa arzikin kifi bai rataya ga kyawun taru ko yawan 'ya'yan kifin da aka zuba ba. Ya rataya ne ga tambaya guda, wato wa ke da ikon cewa yau ba a shiga, gobe a shiga. Tsohuwar al'adar su ta Hausawa amsar wannan tambaya ce, kuma amsa ce da ta fi dacewa da tafkin Sahel fiye da yawancin abin da aka kawo daga baya.

Dole a fara da halin ruwan kansa. Damina a nan wata 3 ce zuwa 4, daga nan rana da iska su karɓi aiki, kuma a wannan yanki ruwan da ke fili yana iya rasa fiye da mita 2 a shekara ta hanyar tururi kaɗai, ban da wanda ƙasa ke tsotsewa da wanda dabbobi ke sha. Tafkin da zurfinsa bai kai haka ba, tun ranar da ya cika an san ƙarshensa. Idan bazara ta kama, ruwan ya ja da baya, ya yi zafi, ya yi kauri da laka, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa ta ragu. Kifayen da suka zama 'yan gida a irin wannan wuri su ne waɗanda Allah ya hore wa dabarar jure wannan ƙunci. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, har takan ja ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta bar gurbin da ya ƙafe. Gaiwa ta fi ta nisa, domin huhu gare ta. Tana nutsewa cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta watanni a busasshiyar ƙasa har sai ruwa ya sauka. Karfasa kuwa da yawan haihuwa take tsira, uwar tana riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe. Giwan ruwa, wanda kowa ke sha'awa saboda girma da tsada, ba ya cikin wannan sahu. Yana son ruwa mai zurfi mai wadatar iska, shi ya sa da wuya ya kai labari a tafkin da ke ƙafewa.

Daga wannan hali al'adar ta fito. A ƙasar Hausa, inda duk ruwan kifi yake da daraja, ana samun mai riƙe da shi, sarkin ruwa ko sarkin masunta, ƙarƙashin sarkin gari. Shi ke hana shiga lokacin da ruwa ya yi yawa kifi na haihuwa a cikin ciyawar gefe, shi ke duba yadda ruwan ke ja, shi kuma ke sa ranar su idan ya ga kifi ya yi ƙwari kuma ya taru wuri ɗaya. A aika wa ƙauyukan maƙwabta, a hallara da homa da gora da koma, a faɗa ruwa lokaci guda, a fitar da rabon sarki da na mai ruwa. Shahararren misali shi ne na Argungu a ƙasar Kabi, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Masu kallo sukan shagala da dubban mutanen da ke rugawa cikin Matan Fada, su manta da dalilin da ya sa ake fito da manyan kifaye a cikin kusan awa guda: gurbin a rufe yake sauran shekara. Bikin rana ɗaya ne, aikin kuwa na hanin da ya gabace shi ne. Tafki a wannan fahimta gona ce, ana jiran amfaninta ya nuna a girbe, kuma wanda ya shiga kafin lokaci ɓarna ya yi ko da a gonar gidansu ce.

Yana da amfani a ajiye wannan kusa da wani tsarin da ya saɓa masa ƙwarai. A Amurka da Kanada, lokacin zafi shi ne kakar masu kamun wani kifi da suke kira bas mai ƙaramin baki. Tafkunansu irin su Erie ba sa ƙafewa. Idan saman ruwa ya ɗumama, kifin sai ya sauka ƙasa inda akwai duwatsu da sanyi, mai fatsa kuma ya bi shi a kwalekwalen inji da na'urar da ke nuna masa ƙarƙashin ruwa, ya yaudare shi da abincin roba. Yawancinsu ba don ci suke kamawa ba. Ray Scott, mutumin Alabama da ya kafa babbar ƙungiyar masu wannan wasa a 1968, ya shigo da ƙa'idar mayar da kifi ruwa da ransa a gasanninsa tun 1972, ta kuma bazu. Dokokinsu sun fi karkata ga kifin ɗaya ɗaya: tsawon da ya halatta a riƙe, adadin da mutum zai tafi da shi a yini, da kariya a wasu wurare lokacin da namijin ke gadin sheƙa. Wannan yana da ma'ana a can, domin kifin yana iya wuce shekara 10 a raye kuma ruwan zai jira shi. A tafkin da zai zama tsagaggiyar laka kafin watan Mayu, wanda ya mayar da ƙaramar karfasa ruwa a ƙarshen rani bai cece ta ba, shamuwa da balbela ya ciyar. A can ana auna kifi, a nan ana auna lokaci, kuma kowane tsari ruwansa ne ya haife shi.

Wannan ne amsar suka ta farko da ake yi wa su, cewa share tafki ne, babba da ƙarami, uwa da 'ya'ya. A ruwan da ke ƙafewa sukar ba ta da tushe. Amma a yi adalci, a ruwa mai dawwama kamar Gidimuni ko Madarunfa ta ƙasar Maraɗi tana da ƙarfi, domin a can abin da aka bari bana shi ne irin baɗi, kuma giwan ruwa yana buƙatar shekaru kafin ya fara haihuwa. Can dai dole a haɗa ikon lokaci da ikon kaya, a hana taru mai ƙananan idanu, a hana sange da aka raba don sauro aka karkatar da shi ruwa, a hana zuba guba, ko ta gargajiya irin magimfa ko maganin ƙwarin gona. Dokar kamun kifi ta Nijar a wannan fagen take da amfani. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar dukkan tafkuna a matsayin abu ɗaya, alhali kwamin irin Garagumsa ruwan damina ne ya fi yawa a hannunta, kuma ma'aikacin gandun daji ɗaya a kan babur ba zai tsare tafki goma da dare ba. Mutanen da ke kwana a bakin ruwan ne kawai za su iya.

Suka ta biyu ta addini ce, kuma ba a raina ta. Gaskiya ne cewa a wurare da dama buɗe ruwa ya haɗu da yanka da neman yardar iskokin ruwa, kuma malamai sun daɗe suna ƙyamar haka. Sai dai a lura da abin da ya faru a inda aka tumɓuke al'adar gaba ɗaya. Tsoron da ke hana yaro jefa ƙugiya da dare ya tafi, ba a maye gurbinsa da wani hani ba, tafkin ya zama na kowa a kowace rana, wanda a aikace yana nufin na wanda ya riga saura. Tsafin rigar dokar ce kawai, ana iya tuɓe ta dokar ta tsaya. Mutanen Nijar ma sun san irin wannan doka ba tare da wani tsafi ba: kowace shekara bayan kaka hukuma da sarakuna suna sa ranar sakin gonaki, kafin ta makiyayi ba ya shiga da garkensa, bayan ta manomi ba ya hana. Duk rigimar da ake sha a kanta, ba wanda ke cewa a soke ta, domin kowa ya ga abin da rashinta ke jawowa. Ranar su 'yar'uwarta ce, kuma liman yana iya buɗe ta da addu'a.

Suka ta uku ita ce ta fi nauyi a ganina, domin ba daga littafi ta fito ba. Tafki a Damagaram ba na masunta ba ne su kaɗai, ba ma su ne na farko ba. Ƙasa ce da ƙishirwa ta yi wa tarihi, birnin Zinder kansa a kan dutse yake zaune, ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na mayar da hedikwatar mulkin mallaka Yamai a 1926. A bazara tafkin da ya rage shi ne mashayar shanun Fulani da raƙuman Buzaye, daga gare shi masu lambu ke ban ruwa, a gefensa ake buga tubali. Su kuwa yana dama ruwa ya mayar da shi kunun laka, dabba ba ta sha sai bayan kwanaki. Makiyayin da ya ce an cuce shi yana da gaskiya. Sai dai wannan hujja ce ta a sa rana da shawarar kowa. Damuwar yini ɗaya da aka sanar tun da wuri, makiyayi ya shirya mata, ta fi sauƙi a kan taru da ake ja kullum safiya tsawon wata uku. Tsarin dokar karkara na 1993 ya kafa kwamitocin filaye har zuwa matakin kwamin da ƙauye, inda manoma da makiyaya da sarakuna ke zama tare, kuma babu wurin da ya fi nan dacewa a yanke ranar.

A nan ne maganar zuba 'ya'yan kifi ta shigo. Shekaru da dama ke nan ma'aikatar muhalli da ƙungiyoyin raya karkara suna zuba tarwaɗa da karfasa a tafkunan Nijar bayan damina, kuma tafkin Tabalak na jihar Tawa ya nuna cewa garin da ba shi da gadon su yana iya zama kasuwar kifi. Dabarar tana da kyau, musamman ga tafkin da ba ya haɗuwa da wani kogi balle kifi ya shigo masa da kansa. Amma ɗan tarwaɗar da aka zuba a watan Satumba yana buƙatar watanni kafin ya kai abin sayarwa, kuma idan ba mai hana shiga, kafin sanyi ya wuce yara sun cinye shi a gashi. Sai a rubuta rahoto cewa mutanen gari ba su da haƙuri, alhali ba a ba kowa ikon hani ba, ko kuma an ba wani sabon kwamiti da gari bai san da zamansa ba, an tsallake mai gari da dattawan da ake jin maganarsu. Irin kifin ma abin dubawa ne. Sha'awar baƙon kifi mai girma ta yi ɓarna a wurare: bas ɗin nan da aka kai Afirka ta Kudu a 1937 don masu fatsar nishaɗi ya cinye ƙananan kifayen asali a kogunan yankin Kap, giwan ruwa kuma da aka saka a Tafkin Biktoriya wajen shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓatar da ɗaruruwan ire-iren kifi. Ga tafkin damina, tarwaɗa da aka sani ta isa.

Akwai abin da ranar su ba ta magani, kuma bai kamata a ɗora mata ba. Yashi yana cike tafkuna saboda an sare itatuwan da ke riƙe gangare, kacalla kuma tana mamaye masu dawwama har kwalekwale ya kasa wucewa, ta zama maɓoyar jan baki mai cin gero. Yanke kacalla aiki ne na gayya mai wahala, a tsaye cikin ruwa da lauje, kuma tana sake tohowa in aka yi sake. Mutum ba ya shiga wannan wahala don tafkin da wani zai zo daga nesa da takardar izini ya kwashe kifinsa a mako guda. Saboda haka duk kwamin da ke son a taɓa kacalla ko a dasa itace a bakin ruwa, sai ta fara fayyace rabon ranar su: nawa ne na masu homa, nawa ne na asusun gyaran tafki, nawa ne na matan da za su soya su kai kasuwar Takeita, sannan baƙon masunci mai takarda a wace rana zai shiga, bayan 'yan gari ko tare da su.