Littattafan Tarihin Kumbo Mai Fukafukai

Malamin kimiyya a Kankiya ko Kusada, in ya nemi tarihin kumbo mai fukafukai, watau wanda ke zuwa sararin samaniya ya komo ya sauka kamar jirgin sama, ba zai same shi da Hausa ba. *Ikon Allah* na East da Abubakar Imam ya riga wannan zamani, *Tauraruwa Mai Wutsiya* na Umaru Dembo kuwa ƙagaggen labari ne. Tilas ya koma ga na Turanci.

Mafi kyau shi ne *At the Edge of Space* (1992) na Milton Thompson. Ganau ne, gama da kansa ya tuƙa X-15, jirgin gwajin da ya tashi sau 199 daga 1959 zuwa 1968, bai kuwa ɓoye haɗarin da ya kashe Michael Adams a 1967 ba. *The Space Shuttle Decision* (1999) na Heppenheimer ya nuna yadda ƙarancin kuɗi ya sāke siffar kumbon kafin Nixon ya yarda a 1972, amma ya yi wa ɗalibi nauyi.

Aibinsu ɗaya, Amurka suka sa gaba. Mai son labarin Buran na Tarayyar Sobiyet, wanda ya tashi sau ɗaya tak a 1988, sai ya nemi *Energiya-Buran* (2007). In za a fassara ɗaya, lalle na Thompson ya kamata.