Kalma Ɗaya Mai Baki Biyu: Nazari Kan "Exploit" da Fassararta

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ke yi wa masu fassara tarko, kaɗan ne suka kai "exploit". Idan ta zo a matsayin suna, aka ɗora nauyin furuci a gaɓar farko, ma'anarta bajinta, watau irin aikin da maroƙa kan wasa jarumi a kansa. Idan kuwa aikatau ce, nauyin yakan koma gaɓa ta biyu, sai ta zama cin moriyar abu, ko kuma ci da gumin wani. Mai karatu zai ɗauka kalmomi biyu ne suka yi kama da juna. Ba haka ba ne, tushensu ɗaya.

Asalinta "explicare" ta Latin, wadda ke nufin warware abin da aka naɗe. Marubutan Turai na da sukan rubuta "explicit" a ƙarshen littafi, domin nuna an gama warware naɗin takarda, kusan yadda malamanmu kan rufe rubutun ajami da "tammat". Daga warwarewa aka sami ma'anar kammala aiki. Tsohon Faransanci ya mai da ita "esploit", wadda ta ƙunshi aiki da nasara da kuma ribar da aka samu. Ta shiga Ingilishi cikin ayarin kalmomin Faransanci da suka kwarara bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066. 'Yar'uwarta "feat" ma ta wannan hanya ta biyo, daga "factum", abin da aka aikata. "Deed" ce kaɗai 'yar gida a cikinsu.

To, ina mummunar ma'anar ta fito? Ba ta daɗe ba. Faransawa sun saba amfani da "exploitation" wajen noma gona ko haƙar ma'adinai, ba tare da wani zargi ba. Almajiran Saint-Simon, bayan rasuwarsa a 1825, su ne suka yaɗa ta da ma'anar mutum ya mai da ɗan'uwansa tamkar gona, ya tatse shi. Karl Marx ya ƙara mata kaifi a littafinsa Das Kapital na 1867, Ingilishi kuma ya rungumi wannan ma'ana a cikin ƙarni na 19, bai kuwa saki tsofaffin ba.

A nan ne aibin fassarar da ake yawan ji yake. Wasu, da zarar sun ga kalmar, sai su ce "zalunci" ko "wawura", alhali takardar ba ta wuce batun haƙo ma'adinai ba. Wasu kuma sukan lallaɓa ta da "yin amfani da", ko da marubucin kuka yake yi kan ma'aikatan da ake ci da guminsu. Kuskure na biyu ya fi muni, domin na farko ƙara gishiri ne da mai sauraro zai iya ganewa, na biyun kuwa shafe ƙorafi ne baki ɗaya.

Lamarin ya fi tsanani a Nijar, inda ake fassara daga Faransanci. Yuraniyom da aka soma haƙowa a Arlit a 1971 "exploitation" ce a bakin injiniya, haka kuma "exploitation" ce a bakin mai sukan yarjejeniyar da aka ƙulla da Faransa. Faransanci ya bar su duka biyun a inuwar kalma ɗaya. Hausa ba ta da wannan inuwa: dole mai fassara ya ce "haƙa" ko ya ce "tatsa", ya kuma duba wanda ya yi maganar kafin ya zaɓa.